Kwano, sikeli da tef: me kowanne yake aunawa?

Ga kwano biyu, girmansu ɗaya. Wannan gero ne a ciki, wannan kuma gyaɗa mai ɓawo, dukansu a cike. Bari mu ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Kun ga allurar? Geron ya fi nauyi, nesa ba kusa ba.

Kwanon awo, ko koron kasuwar Njamena ne ko mudu da tiya, ba ruwansa da nauyi. Wurin da kaya suka cika yake gaya muku. Shi ya sa gardama ba ta ƙarewa a wajen masu awo: a tula hatsin har ya yi tudu, ko a shafe bakin kwano? A girgiza ko kada a girgiza? Kwanon da gindinsa ya lotsa kuwa, ba sai an faɗa ba.

Sikeli iri-iri ne. Mai faranti biyu kwatanci yake yi, kayanka a nan, ƙarfen kilo a can, sai sun daidaita. Na ratayewa kuma, irin mai ƙugiya, akwai murɗaɗɗiyar waya a cikinsa da take miƙewa gwargwadon nauyin da ya ja ta. Ni dai na fi yarda da mai faranti, domin waya tana gajiya idan ta daɗe tana ɗaukar buhu.

Kafin a ɗora komai, ku duba allura tana kan sifiri. A cire nauyin buhu ko tasa, manoman auduga na Garwa sun san wannan sarai. Kuma ku tsaya daidai gaban allurar, don wanda ya leƙo daga gefe wata lambar zai gani. In kuna shakka, ga gwaji mai sauƙi: lita 1 ta ruwa tana da nauyin kusan kilo 1. Ɗora cikakkiyar gorar ruwa ta lita 1.5, ya kamata ku ga kilo ɗaya da rabi da ɗan abin da robar ta ƙara.

To wa ya ce kilo kilo ne? Daga 1889, wani ɗan dunƙulen ƙarfe da aka adana a Sèvres, kusa da Paris, shi ne uban duk kilo na duniya. Sai a ranar 20 ga Mayun 2019 aka sauke shi, aka ɗora ma'anar kilo kan wata lamba ta kimiyya da ba ta canzawa, wadda ake kira da sunan wani masanin kimiyya, Max Planck.

Tsawo ma haka. Kakanninmu da kamu da taƙi da gaba suke auna zane da igiya, amma kamun dogo ba na gajere ba ne. Faransawa suka fito da mita a shekarun 1790, kuma tun 1983 da gudun haske ake tantance ta.

A mita akwai santimita 100, kowace santimita milimita 10, su ne ƙananan layukan nan na jikin tef. Tef ɗin tela yana talewa idan ya tsufa, sai a riƙa gwada shi da na ƙarfe irin na magina. In bakinsa ya cinye, fara awo daga lamba 10, sannan ka cire goman daga abin da ka samu.