Salula na shan caji amma ordinatar ta ce ba ta gan ta ba

Rabi: Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka daga nan Damagaram, Rabi ce, ga Yaya Lawali mai gyaran salula ga kuma Malam Habu mai shagon buga takardu da fotokofi. Yau maganar da kuka fi damunmu da ita a saƙo za mu taɓa, mutum ya jona salula da ordinatar yana so ya kwashe hotuna ko wata takarda, salula ta nuna tana shan caji lafiya lau amma ordinatar ko gezau.

Malam Habu: Ai ni kullum sai na gani. Ɗalibai su zo daga jami'ar André Salifou da memwar ɗinsu ta kammala karatu cikin salula, gobe za a karɓa, a jona abu ya ƙi, nan take yaro ya fara cewa Malam injinka ne ya lalace.

Lawali: To injin ba shi ne farkon abin zargi ba, ni dai a wajena igiya ce. Kebul ɗin USB na asali in ka yanke shi wayoyi 4 za ka gani ciki, ja da baƙi su ne masu kai wuta, bolt 5, fari da kore kuma su ne masu ɗaukar bayanai. To akwai igiyoyin da ake yi da biyu kawai, ja da baƙi, don su yi araha, irin waɗanda ke zuwa da fawa bank ko tocila ko ƙaramar rediyon Bluetooth, wasu ma ana saida su a tire a kasuwar Dole ko a tasha, daga waje ba za ka taɓa bambancewa ba, caji kam za su yi maka amma ko shekara za ka yi ordinatar ba za ta san an jona wani abu ba tunda hanyar maganar ma babu ita.

Rabi: To Yaya ba yankewa za mu riƙa yi muna dubawa ba ai.

Lawali: A'a ƙanwata, gwaji ne mai sauƙi. Ki saurara, Windows na yin wani ɗan ƙara in aka jona mata sabon abu. In kin jona ba ƙara, ba komai a ekiran, a salular ma ba wani saƙo sai alamar caji, to canza igiya tukuna kafin ki taɓa komai. Ki nemi wadda ta zo cikin kwalin salular, ko ki ari ta wani da kika san yana kwashe kaya da ita. Kuma igiya mai wayoyi 4 ɗin ma tana iya karyewa daga ciki wajen wuya inda ake yawan lanƙwasawa, farin ko koren ya tsinke jan ya rage.

Malam Habu: Shi ya sa ni na ɗaure guda biyu a jikin tebur, ɗaya mai ƙaramin baki na da, ɗaya taif C, ba na ba kowa aro wallahi.

Rabi: To an canza igiya, ƙarar ta fito, amma an buɗe Ce PC, wurin da Windows ke nuna abin da aka jona, ba a ga komai ba, ko kuma an ga sunan salular an shiga ciki wayam.

Lawali: Yauwa wannan kuma ba lalacewa ba ce sam, tsari ne. Tun daga Android 6 da ya fito a 2015, in ka jona salula caji kawai take yi sai kai da hannunka ka ba ta izini. Kamar baƙo ne ya yi sallama a zaure, yana nan tsaye, ba zai faɗo cikin gida ba sai maigida ya ce bismillah. Sai ka buɗe salular da kod ɗinka ko yatsa, ka ja ekiran daga sama, za ka ga ɗan saƙo na USB can ƙasa, mutane da yawa ba su ma lura da shi saboda saƙonnin WhatsApp sun binne shi, ka taɓa ka zaɓi Transfert de fichiers, wasu salulolin MTP suke rubutawa. Tecno, Infinix, itel, Samsung duk haka ne, wurin rubutun ne kawai ya ɗan bambanta.

Malam Habu: Akwai kuma wanda ake rubuta PTP, shi mene ne?

Lawali: Na hotuna ne Malam, asalinsa don kamara aka yi shi. In ka zaɓe shi hotuna za ka gani amma takardar PDF ko Word da ke cikin Download ba za ta fito ba. Amma yana da amfani wajen gwaji, in PTP ya yi aiki MTP ya ƙi to ka san igiya lafiya, bakin salula lafiya, matsalar tana cikin Windows.

Rabi: Ni ina tuna da can kana jona salula take fitowa kamar kile, har da harafinta E ko F.

Lawali: Tsoffin Android ne wannan, an bar wannan tsarin tun wajen Android 4. Yanzu ba ta da harafi, sunanta kawai za ki gani, kuma shi ya sa wasu ke cewa ba ta fito ba alhali tana nan, su harafi suke nema.

Malam Habu: To ka zo kan maganar ƙura, don mu nan da hunturu ya kama ba a magana.

Lawali: Wallahi Malam abin da nake cirowa daga bakin caji ba ka so ka gani, ƙura da zaren aljihu sun dunƙule sun zama kamar ƙasa, musamman 'yan kabu-kabu da ke yini a hanya salula a aljihun gaba. Kan igiyar ba ya shiga har ƙarshe, sai wuta ta riƙa wucewa bayanai kuma suna yankewa, ka ji ordinatar na ta ƙara tana jonawa tana saki, ko ta rubuta Périphérique USB non reconnu. A kashe salular, a samu tsinken sakace na icce a kankare a hankali. Allura kam a'a, ƙarfe ne, ga ɗan harshen nan na tsakiya in ya karye sai an canza bakin gaba ɗaya.

Rabi: Ita ma ordinatar ai tana da nata bakunan.

Lawali: Ƙwarai, a gwada wani. In babba ce ta tebur a zagaya baya, na bayan su ne manne da uwar injin kai tsaye, na gaba da 'yar waya aka jawo su kuma su suka fi shan wahala. In akwai abin nan mai raba baki ɗaya zuwa huɗu a cire shi.

Malam Habu: To yanzu a ce duk an yi wannan. Nan ne ni nake tsayawa in kira ka.

Lawali: Ba wuya fa. Danna maɓallin Windows da X tare, ka zaɓi Gestionnaire de périphériques, salula na jone. Ka duba inda alama rawaya mai kusurwa uku ta fito, wani lokaci da sunan salular wani lokaci MTP kawai ko Android. Danna dama a kai, Mettre à jour le pilote, ka ce za ka nema cikin ordinatar da kanka, ka ce ta nuna maka jerin da take da shi, ka zaɓi Périphérique USB MTP, shi ke nan, ko rezo ba ka buƙata don pilot ɗin, wato 'yar manhajar da ke sa ordinatar ta gane salula, yana cikin Windows tun asali. In ya ƙi, cire na'urar daga jerin, zare igiya, sake kunna ordinatar ka mayar. Akwai ma wani fayil a cikin C, Windows, INF, sunansa wpdmtp.inf, ka danna dama ka ce Installer.

Rabi: Yaya a hankali, mutane na rubutawa.

Lawali: W, p, d, m, t, p, ɗigo, i, n, f. Sai wani abu da ya shafe mu sosai tunda yawancin injinanmu na hannu ne daga Turai. Akwai Windows da ake kira N, kamar Windows 10 Pro N, don kasuwar Turai aka yi ta, an cire mata Windows Media Player da kayansa, to MTP kuma a jikin kayan nan yake. Irin wannan ko igiyar zinariya ka kawo ba za ta ga salula ba sai an saka mata Media Feature Pack, kyauta ne daga Microsoft. Mutum ya duba cikin Paramètres, Système, wurin bayanin injin, in ya ga N a ƙarshen sunan to ga ta nan.

Malam Habu: Ikon Allah. To ni abin da ke ba ni haushi, mutum ya kai salula don wannan 'yar matsalar a ce masa sai an yi filashin, ko a ce ordinatar sai an yi mata farmate.

Lawali: Ni ma sana'ata ce amma gaskiya wannan cuta ce. Mutumin nan hotunan bikinsa ya zo kwashewa, ka share masa salula, me ya rage ya kwashe? Duk wanda aka ce masa haka ya ɗauki kayansa ya tafi wani wuri.

Rabi: Na ga a intanet ana cewa a kunna Débogage USB.

Lawali: Ba dole ba ne don kwashe fayil, na masu haɗa manhaja ne, kuma barinsa a kunne kana jona salularka a kowace ordinatar ta siba ba dabara ba ce. Abin da ke da amfani a ɗakin da Débogage ɗin yake shi ne in saƙon USB ɗin ya ƙi fitowa ko kaɗan. Ki je bayanin salula, ki taɓa Numéro de build sau 7, Options pour les développeurs za su buɗe, a ciki akwai Configuration USB par défaut, ki sa shi kan Transfert de fichiers.

Malam Habu: Masu iPhone fa? Don su ma suna zuwa da ƙafafa.

Lawali: Su nasu daban. Salular za ta tambaya ko ka yarda da wannan ordinatar, ka ce e ka sa kod. In ka taɓa cewa a'a, zare ka mayar za ta sake tambaya. Windows kuma tana son manhajar Apple, iTunes ko Apple Devices, don pilot ɗin. Kuma ko ta fito hotuna da bidiyo kawai za ka gani cikin DCIM, takardu ba su fitowa ta nan. Daga iPhone 15 na 2023 suka koma taif C, na baya tun daga iPhone 5 Lightning ne, kuma akwai jabun igiyarsa da yawa.

Rabi: Wata ta rubuto ekiran ɗinta ya fashe, tana gani amma ba ya jin taɓi, ba ta iya sa kod.

Lawali: In Android ce ta nemi ɗan adaftan OTG ta jona mata linzamin ordinatar, kibiya za ta fito a ekiran ta danna kod ɗin da ita, in dai salular na karɓar OTG. Tunda bakin ya riga ya cika da linzami sai ta tura kayan ta Quick Share ko Bluetooth, in kuma tana da kart memwar ta kwafe su can ta zare ta sa a abin karanta kart.

Malam Habu: Ni ɗaliban nan in layi ya yi tsawo cewa nake su turo ta WhatsApp kawai, amma a matsayin dokima, don in ka tura hoto haka nan matse shi yake yi, in na buga rubutun ya fito dishi-dishi su ce tawada ce ta ƙare.

Rabi: To masu Mac da salular Android kun turo da yawa, naku sai mako mai zuwa don Mac ba ta karanta MTP da kanta sai an ƙara mata manhaja. Yaya Lawali, Malam Habu, mun gode, a huta lafiya.