Da wane mudu ake auna manyan kwamfutoci?

Assalamu alaikum. Na gode wa shugaban taro, da malamai, da ku ɗalibai da kuka cika zauren nan.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san kafin a yi ciniki sai an duba mudun. To manyan kwamfutocin bincike, irin waɗanda ake hasashen yanayi da nazarin magunguna da su, su ma suna da nasu mudun. Sunansa Linpack, kuma Jack Dongarra na Jami'ar Tennessee yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi. Ana ba kwamfuta wani gagarumin lissafi, a ƙirga lissafi nawa take yi a sakan ɗaya. Da wannan ake fitar da jerin TOP500, wato kwamfutoci 500 mafiya sauri a duniya, sau biyu a shekara, Yuni da Nuwamba, tun 1993.

A 1993 wadda ta zo ta ɗaya tana Los Alamos a Amurka, tana lissafi kusan biliyan 60 a sakan. A Yunin 2022 Frontier, da ke Oak Ridge a Amurka, ta haura biliyan sau biliyan. Ku tsaya ku ji wannan adadi. Da duk mutanen duniya za su zauna, kowa yana lissafi ɗaya a kowane sakan, ba ci ba barci, sai sun haura shekara huɗu kafin su yi abin da take yi a sakan guda.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Linpack aiki ne da kayansa ke kusa da hannu, kamar mai tuwo da garinta a gefen murhu. Yawancin ayyukan bincike kuwa sai an yi ta zirga-zirga zuwa rumbu ana ɗebo bayanai, tukunya na jira. Shi ya sa aka kawo wani gwajin, HPCG. A nan Frontier ba ta kai kashi biyu cikin ɗari na saurinta na Linpack ba. Fugaku ta Kobe a Japan, wadda Frontier ta ninka fiye da sau biyu a Linpack, ita ce ta fi ta a HPCG. Ni dai in za a tambaye ni, wannan sakamakon ya fi gaya mini gaskiyar na'ura.

Sai batun wuta, wanda mu nan ba sai an yi mana bayani ba. A gwajin 2022, Frontier ta sha kusan megawat 21. Madatsar Kainji gaba ɗayanta an gina ta kan megawat 760, kun ga irin Frontier 36 sun shanye ta. Don haka tun 2007 ake da jerin Green500, mai duba lissafi nawa ake samu da wat ɗaya. A Yunin 2024 JEDI ta Jamus ce kan gaba, da kusan biliyan 73.

A nan ma ku riƙa tambaya: a ina aka saka mitar? A ɓangaren na'urar aka auna sannan aka ninka, ko dukkanta? An haɗa da injinan da ke sanyaya ginin? Domin kusan duk wutar da ta shiga zafi take komawa. A garin Kajaani na Finlan, zafin kwamfutar LUMI ake turawa ta bututu yana ɗumama gidajen mutane.

Akwai mai tambaya a baya can. Bismillah, malam.