Da Ali da Tyson, wa zai kashe wani?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu da ke zaune a gaba, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana a kan musun da ba ya ƙarewa a tsakanin masu son damben boksin: da za a haɗa zakaran wannan zamani da na wancan a ajin masu nauyi, wa zai kashe wani? Wasu na ganin ɓata lokaci ne, tunda Muhammad Ali ya rasu a 2016, Joe Louis da Marciano kuwa tun tuni suna ƙasa. Ni dai ina son wannan musu ƙwarai, domin duk wanda ya yi shi da gaske sai ya koyi damben kansa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yin sa, kowa ya riƙe suna ɗaya yana ɗaga murya.

Tun a 1967 wani mai shirin rediyo a Amurka, Murry Woroner, ya yi ƙoƙarin raba gardamar da na'ura. Ya zuba bayanan tsofaffin zakaru a cikin kwamfuta, ya shirya musu gasa. Kwamfutar ta ce Jim Jeffries ya doke Ali, ta kuma ba Rocky Marciano kambu a kan Jack Dempsey. Ali ya fusata har ya kai ƙara. Daga baya aka sasanta, a 1969 aka ɗauki hoton Ali da Marciano suna gwada naushi, Marciano ya wuce shekara 45, an sa masa gashin jabu a ka. Da aka nuna hoton a Amurka a Janairun 1970, sai ga Marciano ya kashe Ali a turmi na 13. Shi Marciano bai ma gani ba, ya rasu a hatsarin jirgin sama a Agustan 1969. To, kwamfutar me ta sani? Abin da mutane suka zuba mata shi ta mayar musu, har da son ransu.

Hujjar da aka fi kawowa a majalisa ita ce: wane ya doke wane, shi kuma ya doke wane, saboda haka magana ta ƙare. Mu gwada ta a kan mutum huɗu da suka yi zamani ɗaya. A Maris na 1971 Joe Frazier ya doke Ali a New York, har ya kai shi ƙasa a turmi na 15. A Janairun 1973, a Kingston ta Jamaika, George Foreman ya kayar da wannan Frazier ɗin sau shida cikin turmi biyu. Wata biyu bayan haka Ken Norton ya karya wa Ali muƙamuƙi ya ci shi da maki. A 1974 Foreman ya gama da Norton a Karakas, shi ma a turmi na biyu. In da lissafi ne, ai Foreman zai tattake Ali. Amma a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba 1974, da asuba, Ali ya jingina da igiya ya rufe fuska da hannu biyu, ya bar Foreman yana ta jibgar haƙarƙari da damatsa har numfashinsa ya ƙare, sannan a turmi na takwas ya sauke masa dama ya zube. In lissafin ya kasa aiki a tsakanin mutanen da suka shaƙi iska ɗaya, ta yaya zai yi aiki tsakanin 1938 da 1988?

Dalili shi ne salo. Frazier gajere ne mai kutsawa, dole ya shiga jikinka kafin ya ci abinci, Foreman kuwa abin da yake jira ke nan, ya ture ka da hannu biyu ya ɗauke ka da naushi daga ƙasa. Wannan kutsawar da ta halaka Frazier a gaban Foreman ita ce ta hana Ali sakat. Norton kuma yana gicciya hannuwa a ƙirji, in Ali ya zungure shi da hagu shi ma ya zungura a lokaci guda, sai rawar Ali ta rikice. Sau uku suka kara, babu wanda Ali ya ci cikin sauƙi. Ku lura da wani dattijo, Eddie Futch: yana kusurwar Frazier a 1971, shi ne kuma ya horar da Norton a 1973. Mutumin nan ya yi atisaye da Joe Louis a Detroit tun suna samari. Idonsa ya ga zamani biyu, kuma da wannan idon ya gano inda Ali yake da rauni.

Wani zai ce ai an taɓa haɗa zamani da zamani a zahiri. An yi, amma ku dubi shekarun. Marciano ya fitar da Joe Louis ta tsakanin igiyoyi a 1951, Louis yana da shekara 37, bashin haraji ne ya dawo da shi fage. Larry Holmes ya doke Ali a 1980, Ali yana da 38, jikinsa ya riga ya fara nuna alamun ciwo. Mike Tyson ya kashe Holmes a turmi na huɗu a 1988, Holmes ma yana da 38. Lennox Lewis ya kashe Tyson a Memphis a 2002, bayan kurkuku da shekarun rikici sun cinye shi. Anthony Joshua ya tsayar da Wladimir Klitschko a Wembley a 2017, Klitschko yana da 41, kuma duk da haka sai da ya kai Joshua ƙasa. Waɗannan karawa ba su gaya mana wa ya fi wani ba, galibi yaro ne ya tarar da tsoho a ƙarshen ƙarfinsa. Foreman kaɗai ya juya abin, da ya kashe Michael Moorer a 1994 yana da shekara 45.

Shi ya sa in mutum ya ce mini "Ali", sai in tambaye shi: wane Alin? Akwai na Nuwamba 1966 da ya kara da Cleveland Williams a Houston, wanda ƙafarsa kamar ba ta taɓa ƙasa, hannu a sake a gefe, yana kauce wa naushi da ɗan jan kai baya. An ƙwace masa kambu a 1967 saboda ya ƙi shiga soja a yaƙin Biyetnam, ya yi sama da shekara uku ba ya dambe. Wanda ya dawo a 1970 ƙafar ta ragu, sai juriya da wayo suka maye gurbinta. Haka Tyson: na 1986 zuwa 1988, mai kaɗa kai hagu da dama yadda Cus D'Amato ya koya masa, wanda ya zama zakara yana ɗan shekara 20 kuma ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91, daban yake da wanda Buster Douglas ya kashe a Tokiyo a 1990, bayan ya rabu da mai horar da shi Kevin Rooney.

Sai doka. Jack Johnson ya rasa kambunsa a Habana a 1915 a turmi na 26, a wasan da aka tsara turmi 45 cikin rana. A 1919 Dempsey ya kayar da Jess Willard sau bakwai a turmin farko, yana tsaye a kansa yana jira ya ɗago gwiwa ya ƙara masa, domin ba a tilasta shi komawa kusurwa ba. Ali da Frazier turmi 15 suke yi in wasan kambun duniya ne. Bayan rasuwar ɗan damben Koriya Duk Koo Kim sakamakon dukan da ya sha a fage a 1982 aka fara rage wasan kambu zuwa 12. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: Louis ya kashe Billy Conn a turmi na 13 a 1941 alhali Conn ne ke gaba a maki, Marciano ma a na 13 ya kashe Jersey Joe Walcott a 1952 yana baya a maki. Da dokar yau ake bi, da tarihin mutanen nan biyu ya canza.

Yanzu maganar girman jiki, wadda samarinmu suka fi riƙewa. Gaskiya ne mutanen da ƙanana ne. Marciano wajen kilo 85 yake, Dempsey ma haka, Louis kusan 90. A yau ajin da ke ƙasa da na masu nauyi iyakarsa ta ɗan haura kilo 90, can za a tura Marciano da Dempsey. Amma Dempsey ya farfasa Willard mai kilo 111, Louis ya ragargaza Primo Carnera mai kusan 118 a 1935. A zamaninmu kuma Oleksandr Usyk, ɗan Yukren, ya hauro daga ƙaramin aji ya doke Joshua sau biyu, a Landan a 2021 da Jidda a 2022, sannan ya doke Tyson Fury sau biyu a Riyad a 2024. A karon farko Usyk na da kilo 101, Fury kusan 119. Tsawon Usyk kuwa mita 1.91, daidai da na Ali. Duk wanda ya ce Ali ya yi ƙanƙanta ga ƙattan yau, Usyk ya ba shi amsa.

Sai dai girman da ya haɗu da iya dambe wani abu ne daban. Willard da Carnera ba su da hannun Lennox Lewis. Ina girmama Marciano, wasa 49 ba a taɓa cin sa ba, 43 da kisa, zuciyarsa ba ta san ja da baya ba. Amma hannunsa gajere ne ƙwarai, fatar fuskarsa na saurin tsagewa, kuma manyan da ya doke, Louis da Walcott da Archie Moore, duk sun manyanta. A gaban Lewis mai tsawon mita 1.96 da kilo sama da 110, mai hagu kamar taɓarya, ban ga ta inda zai shiga ba. Lewis zan ba.

To, ga tambayar da ta tara mu. Na ga wasu can baya tun ɗazu suna jira. Mu ɗauki Ali na 1966 da Tyson na 1988, turmi 15. Magoya bayan Tyson suna da hujja mai ƙarfi, kada kowa ya raina ta. Naushin hagu mai zuwa ta gefe shi ne maganin Ali: da shi Sonny Banks ya kayar da shi a 1962, da shi Henry Cooper ya zaunar da shi a Landan a 1963, da shi Frazier ya kai shi ƙasa a 1971. Tyson yana da wannan naushin, ya fi na Cooper nauyi, kuma ya fi Frazier saurin farawa. Turmi huɗun farko za su yi wa Ali zafi, ba zan yi mamaki ba in ya taɓa ƙasa.

Amma duk sau ukun nan Ali ya tashi, biyu daga ciki ma shi ya ci wasan. Tyson kuwa bai taɓa cin wasan da aka kai shi ƙasa ba. Tun yana kan ganiyarsa, dogayen da ba su ji tsoronsa ba sun kai shi ƙarshe: James Tillis a 1986, James Smith da Tony Tucker a 1987. In aka zungure shi da hagu, aka rungume shi duk sanda ya matso, yakan yarda da rungumar ya huta, kaɗa kan nan kuma sai ya ragu bayan turmi na biyar ko shida. Ali gwani ne wajen danna ƙeyar mutum da hannu yana gajiyar da wuyansa. Rabin ƙarfin Tyson tsoro ne da yake sa wa abokin karawa tun kafin a buga ƙararrawa, mutumin da ya tsaya gaban Sonny Liston yana ɗan shekara 22, ya kuma tsaya gaban Foreman, ba zai shigo da wannan tsoron ba. Ali zan ba, da maki mai tazara, ko alƙalin wasa ya tsayar a wajen turmi na 12.

Wanda nake jin zai fi ba Ali wahala shi ne Joe Louis na 1938, wanda ya gama da Max Schmeling cikin minti biyu da 'yan daƙiƙu, ya kuma kare kambunsa sau 25. Naushinsa gajere ne, ba ya ɓarnar ko ɗaya, kuma yana zungura da hagu irin wanda Futch ya koya wa Norton. Rauninsa ƙafa ce, Conn mai ƙaramin jiki ya zagaya shi turmi 12 yana tara maki. Ali ya fi Conn girma da sauri, don haka a karon farko Ali nake gani. Amma Louis ya fi haɗari a karo na biyu: Schmeling ya kashe shi a 1936, ya dawo ya rama a turmin farko, Walcott ya wahalar da shi a 1947, ya dawo ya kashe shi a 1948. In aka sake haɗa su bayan Louis ya yi wata shida yana nazarin yadda Ali ke jan kai baya, ni Louis zan bi.

Shugaban taro, na ga hannaye sun tashi, a miƙa musu lasifika.