Wane ne gwanin gudun fanfalaki a tarihin Amurka?

Masu sauraro, duk sanda aka tayar da gardamar gwanin gudun yada-ƙanin-wani a Amurka, wasu kan ce a duba agogo kawai. To amma agogo yana ruɗi, domin kilomita 42 da mita 195, wato tsawon wannan tsere, ba iri ɗaya ba ne a kowane titi.

Ryan Hall ya yi awa 2 da minti 4 da daƙiƙa 58 a tseren birnin Boston a 2011, amma ba a rubuta masa shi a matsayin bajintar Amurka ba. Dalili kuwa ƙa'ida ta ce gangaren hanya kada ya wuce mita 1 a kowace kilomita, kuma tazarar mafari da ƙarshe kada ta haura rabin tsawon tseren. Titin Boston ya karya duka biyun, ga iska tana tura su ta baya ranar. Alberto Salazar ma ya yi 2:08:13 a New York a 1981, daga baya aka sake auna hanyar aka tarar ta gaza da kusan mita 150. Sai kuma takalman zamani masu farantin kabon a tafinsu, waɗanda suka sa a 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta taƙaita kaurin tafin a milimita 40. Yaya za a gwada mai irin wannan takalmi da Clarence DeMar, ma'aikacin maɗaba'a da ya ci Boston sau 7 tsakanin 1911 da 1930, na ƙarshe yana da shekara 41?

Don haka ma'aunin da ya fi adalci shi ne: wa ka kayar, a wace rana?

A nan ne Frank Shorter ke shan gaban Bill Rodgers. Rodgers ya ci Boston sau 4, New York sau 4, amma ya zo na 40 a gasar Olamfik ta Montreal a 1976, kuma Amurka ta ƙaurace wa ta Mosko a 1980 yana kan ganiyarsa. Shorter kuwa ya ɗauki zinare a Munich a 1972, ya ƙara da azurfa a Montreal bayan Waldemar Cierpinski na Jamus ta Gabas, ƙasar da daga baya aka bankaɗo shirinta na ɗura wa 'yan wasa ƙwayoyin ƙara kuzari. Meb Keflezighi, haifaffen Eritriya, yana da tasa hujjar: azurfa a Athens a 2004, New York a 2009, sannan Boston a 2014, shekara guda bayan harin bam da aka kai wa tseren, a zamanin da 'yan Kenya da Habasha suka mamaye fagen.

Amma a ganina Joan Benoit ce kan gaba. Ta kafa bajintar duniya ta mata a Boston a 1983 da 2:22:43, tun kafin a fito da waccan ƙa'ida ta hanya. A 1984 aka yi mata tiyata a gwiwa saura kwana 17 tseren zaɓen tawagar Olamfik, ta fita ta lashe. A Los Angeles, karon farko da mata suka yi wannan tsere a Olamfik, ta ɓalle daga ayari tun wajen kilomita 5. Galibi wannan ganganci ne, domin mai saurin ɓallewa yakan ƙone makamashin jikinsa kafin kilomita 35. Manyan abokan karawarta, Grete Waitz da Rosa Mota, suka ƙyale ta suna jiran ta gaji, ba su sake kamo ta ba har ta shiga filin wasa ita kaɗai, ta kammala a 2:24:52.