Jawabin maraba ga mai girma Ministan Kiwon Lahiya, daga kwamitin ɗakin jarirai na Maraɗi

Assalamu alaikum. Mai girma Minista, mai girma Gwamna, wakilin mai martaba Sarkin Katsinan Maraɗi, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, aikinka ya riga ka isowa, ba sai mun ɓata maka lokaci da yabo ba.

Buƙatarmu ta farko katetar ce, siririn tiyon nan da ake zura wa jariri ta cibiya. Bakwaini ko wanda aka haifa bai yi kuka ba, jijiyar hannunshi ba ta ganuwa, sai a yi ta sukar yaro uwa tana kallo ta taga. Alhali ga cibiya Allah ya bar ta a buɗe, jijiyoyi 3 ne, ƙanana 2 da babba 1, ta babbar ake sa ruwan sukari da magani da jini, har canjin jini in shawara ta yi tsanani. Amma kwanakin farko ne kawai, in ta bushe shi ke nan. Katetar mai kauri lamba 3.5 da 5 muke so, don yanzu in ta ƙare tiyon ba da nono muke sawa, ba da son ranmu ba.

Maraɗi ba ƙaramin gari ba ne. Katsinawa suka kafa ta bayan jihadi, ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari kakanninmu suka hau tudu suka sake gini, yau ita ake kira cibiyar kasuwancin Nijar. Amma in ana rabon kayan likita sai Yamai ta ƙoshi tukuna. Jarirai kuwa daga Dakoro, Mayahi, Tasawa, Madarumfa duk nan ake kawo su, wasu a bayan babur cikin zane.

Sai na'urar radiyo mai taya, wato mai ɗaukar hoton cikin jiki, don in an zura katetar dole a ga inda bakinta ya tsaya, in ya karkata cikin hanta ɓarna ce. Ɗaukar yaro mai kilo 1 a ratsa tsakar gida da shi cikin hunturu don hoto, wallahi ba daidai ba ne. Muna kuma son safar hannu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da sola saboda kuran, wato wutar lantarki.

Tun 2006 gwamnati ta ce maganin yara ƙasa da shekara 5 kyauta ne, to ranka ya daɗe a sa katetar cikin kyautar nan. In ɗaya za a yi muna yau, ita ce. Ga takardar lissahin nan majo, shugaban ma'aikatan jinya, zai miƙa maka.