Darasi: Yadda ake gane ɓarnar tsatsa a injin kwale-kwale

Assalamu alaikum masu sauraro, musamman 'yan'uwanmu masunta da masu fito a madatsar ruwa ta Dadin Kowa. Darasinmu na yau a kan tsatsar da ke cin injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale ne.

Da yake gangar jikin injin ta alminiyum ce, tsatsarta ba ja ba ce irin ta baƙin ƙarfe, fara ce kamar gari. Kafin ta fito fili, fenti yakan kumbura ya yi ƙuraje, galibi kusa da farfela da gindin notuna. Ku kankare wurin a hankali, idan kuka tarar da ƙananan ramuka a ƙarƙashi, to ɓarna ta riga ta shiga jikin ƙarfen.

Dalilin hakan shi ne, duk lokacin da ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikin ruwa, kamar alminiyum da sandar farfela wadda ta ƙarfe mara tsatsa ce, wata 'yar wutar lantarki takan gudana a tsakaninsu, kuma alminiyum ne ke zaizayewa. Shi ya sa kamfanoni irin su Yamaha ke ɗaura wani ɗan ƙarfe da ake kira anod a saman farfela, domin shi ya cinye a madadin injin. Idan rabinsa ya tafi, a canza shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne anod ɗin da ya shekara a ruwa yana nan sumul, domin alama ce ba ya aiki: ko an shafe shi da fenti, ko datti ya raba shi da jikin injin, ko kuma na tutiya ne, wanda a ruwan daɗi irin na kogin Gongola yakan yi ɓawo ya daina kare komai. Na maganiziyam ko na alminiyum ne ya dace da ruwanmu.

Wanda ya sayo injin hannu daga Legas ko Fatakwal, inda ya yi aiki a ruwan gishiri, kada sabon fenti ya ruɗe shi. A tayar da injin a cikin ruwa, a duba ruwan sanyayawar da yake tsartuwa ta baya. Idan ƙarfinsa ya ragu alhali famfon ruwan lafiyarsa ƙalau, sai makanike ya buɗe ya duba hanyoyin ruwan, domin gishiri da farin garin nan sukan toshe su har injin ya ɗauki zafi.

Daga nan a kwance notin man giya na ƙasa, a ɗigo kaɗan a tafin hannu. Man da ya koma fari-fari yana nuna ruwa ya shiga, don haka a cire farfela a duba ko zaren taru ne ya naɗe sandar ya yanka sil, wato robar da ke hana ruwa shiga cikin man giya, ko kuwa tsatsa ce ta cinye mazaunin sil ɗin, wanda a nan canza sil kaɗai ba zai tsayar da yoyon ba.