Ctenophora: A Miƙe Ko a Karkace?

Ku dubi kalmomin nan biyu da ke kan allo. Haruffansu ɗaya ne, ba ƙari ba ragi. Ta hagu a miƙe take: Ctenophora. Ta dama kuwa an karkata ta, irin rubutun da ake kira italik: *Ctenophora*. Ta hagu sunan wasu halittu ne na cikin teku. Ta dama sunan ƙwaro ne mai fukafukai da dogayen ƙafafu, wanda tsutsarsa ke girma cikin ruɓaɓɓen itace. Masanin ƙwari Meigen ne ya raɗa masa sunan tun 1803. To kun ga, wanda ya karkata kalmar don ƙawata rubutunsa ya bar teku ya koma daji bai sani ba.

Ga halittar tekun a gabanku. Jikinta garai-garai, kusan duk ruwa ne. Ku lura da layukan nan takwas da suka sauko daga sama zuwa ƙasa. Ƙananan gashi ne manne da juna kamar haƙoran mataji, su take kaɗawa ta yi iyo, haske kuma yana tarwatsewa a kansu ya ba da launukan bakan gizo. Daga wannan matajin sunan ya samo asali a harshen Girkanci, kuma masani Eschscholtz ne ya kafa shi a 1829. Mutane da yawa suna haɗa su da jelifish, wata halittar teku mai jiki garai-garai kamar nasu, alhali ba danginsu ɗaya ba. Jelifish harbi yake yi, yana cikin rukunin Cnidaria. Waɗannan kuwa yawancinsu da ƙwayoyi masu danƙo suke kama abinci.

Ctenophora ba sunan dabba ɗaya ba ne, sunan babban rukuni ne, matakin da masana ke kira failum. A ilimin dabbobi, duk sunan da ke sama da jinsi, wato ƙaramin rukunin da ya haɗa nau'o'in dabba masu kusanci da juna, ana fara shi da babban harafi, a bar shi a miƙe. Jinsi da nau'i kaɗai ake karkatawa, shi ya sa aka karkata *Ctenophora* ta ƙwaron, domin sunan jinsi ce.

Ɗauki *Mnemiopsis leidyi*. Asalinta gabar Atlantika ta nahiyar Amurka, amma a farkon shekarun 1980 ta ɓulla a Bahar Aswad, cikin ruwan da jirage ke ɗiba don daidaita nauyi. Ta cinye abincin ƙananan kifaye har da ƙwansu, masunta suka ji jiki, sai da wata 'yar uwarta mai cin ta, *Beroe ovata*, ta iso a shekarun 1990 kafin lamarin ya yi sauƙi. Dubi yadda aka rubuta sunan. Kalmar farko jinsi ce, da babban harafi. Ta biyu ta nau'i ce, da ƙaramin harafi, duk da cewa don girmama masani Joseph Leidy aka sa ta. Nan ne hannu ke yawan zamewa, domin mun saba ba sunan mutum babban harafi. A wannan wurin dai ba a yi.

Da zarar kun rubuta sunan cikakke sau ɗaya, kuna iya taƙaita shi zuwa *M. leidyi*. Idan jinsin kuka sani ba ku tantance nau'in ba, sai ku rubuta *Beroe* sp., a karkata *Beroe*, a bar sp. a miƙe. Mai rubutu da biro kuma sai ya ja layi ƙarƙashin abin da ya kamata a karkata.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. A bakin masu Turanci ba a furta harafin C na farkon kalmar, shi ya sa za ku ji kamar ana cewa Tinofora. Mun saba mayar da baƙin kalmomi yadda kunnenmu ya ji su, kuma hakan ya yi wa Hausa amfani ƙwarai. Amma ni a ganina sunan kimiyya ba ya cikin wannan sahu. Ɗalibin da ya nemi Tinofora a rumbun bayanan halittun teku ba zai samo komai ba. Ku furta yadda ya sauwaƙa muku, ku rubuta yadda aka kafa shi.

Saura sunan da ke biyo bayan na dabbar. A takardun bincike za ku ga *Mnemiopsis leidyi* A. Agassiz, 1865. Wannan shi ne wanda ya fara bayyana nau'in, da shekarar da ya yi hakan, kuma a miƙe ake rubuta su. Yanzu ku kwatanta da *Pleurobrachia pileus* (O. F. Müller, 1776). Kun ga bakan da ya kewaye sunan Müller? Yana nufin shi a ƙarƙashin wani jinsi dabam ya fara sanya dabbar, daga baya masana suka mayar da ita *Pleurobrachia*. Don haka idan kuna kwafe irin wannan suna, kada ku cire bakan inda yake, kada kuma ku ƙara shi a wajen Agassiz don sunayen biyu su yi kama da juna.